Makarantar ikilisiya ko lakwal ta bayan gida? Amsa ga wata uwa a Maraɗi

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce ita mai bi ce, a Maraɗi suke zaune, mijinta tela ne, 'ya'yansu uku, babbar za ta shiga CI, wato ajin farko na firamare, bana. Akwai lakwal, wato makarantar boko, ta gwamnati a bayan gidansu, makarantar ikilisiya kuwa tana da nisa, kuma sai an biya. Surukarta, wadda Musulma ce, ta ce ɓarnar kuɗi ce, karatu duk ɗaya ne. Tana so ta sani ko makarantar Kirista ta kai a matse ciki dominta.

Ƙanwata, sannu da ɗawainiyar yara, Ubangiji ya raya mana su. Na riƙe alli sama da shekara talatin. Na fara a lakwal ta gwamnati a ƙauye, na ƙare ina shugabantar makarantar ikilisiya, kuma har gobe ina koyar da makarantar Lahadi. Amsata ita ce: ta kai, in kin sami ta ƙwarai, in kuma gidanki yana yin nasa aikin. Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne dukan maganar.

Ki fara ba surukarki gaskiyarta, don tana da ita. Makarantar ikilisiya da gwamnati ta yarda da ita tsarin karatun gwamnati take bi. Daga CI har CM2, ajin ƙarshe na firamare, darasi ɗaya ne, masu duba makarantu ɗaya ne, kuma in yaro ya kai BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, takarda ɗaya za a ajiye masa da ɗan kowa. Biyu da biyu huɗu ne a ko'ina. Na kuma yi aiki da malaman gwamnati, Musulmi, waɗanda har yau nake jinjina wa riƙon amanarsu, mutanen da suke shiga aji da yara fiye da ƙima amma ba su taɓa zama a gindin bishiya suna hira lokacin darasi ba. Kada ki bari kowa ya ce miki duk abin da ke wajen katangar majami'a lalatacce ne.

Bambancin farko a yawan kwanakin karatu yake. Ana komawa lakwal a Oktoba, a rufe a Yuni, amma ki ƙirga ranakun da yaro ya zauna gaban malami da gaske. Yajin aiki ya ci nasa, jiran a gina rumfar aji bayan an cire amfanin gona ya ci nasa, malamin da aka tura bai iso ba ya ci nasa. Ƙaramar makaranta mai zaman kanta, in tana da shugabanci, ba ta asarar waɗannan kwanaki. Ga kuma yawan yara. Malamar da ke da yaran da za ta iya kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya tana gane wanda bai karya kumallo ba, da wanda idonsa bai ganin allo, da wadda ta yi shiru tun makon jiya. A makarantar ikilisiya akwai wani abu kuma: madam ɗin da ke koyar da ɗiyarki, ranar Lahadi a benci ɗaya za ku zauna. In ba ta zo aiki ba ranar Talata, ta san za ta haɗu da ke. Wannan kunyar ido tana gyara aiki fiye da takardar gargaɗi.

Bambanci na biyu shi ne wanda ya fi taɓa ni. Mu masu bin Almasihu a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba. Wannan lissafi ne a bakin babba, amma ga yarinya 'yar shekara 6 ma'anarsa ita ce ta shiga aji ta tarar ita kaɗai ce. Ana tambayar suna, nata ya fita daban. Azumi ya zo, ana tambayarta me ya sa take cin abinci. Wata rana a wurin wasa wani ya ce mata kafira, ba don mugunta ba, don abin da ya ji a waje ne. Na ga yaran da wannan ya ƙarfafa, amma na fi ganin waɗanda suka koyi ɓoye kansu: su canza suna a lakwal, su ce ba su san inda majami'a take ba. Yaron da ya saba jin kunyar abin da uwarsa ta gaskata tun yana ƙarami, da wuya ka cire masa wannan daga baya. A makarantar da ake buɗe safiya da addu'a da waƙa, inda labarin Yusufu da 'yan'uwansa ko na Basamariye mai tausayi abu ne da ake ji a fili ba a raɗa ba, yarinyar tana samun 'yan shekaru da za ta tsaya da ƙafafunta kafin iska ta fara kaɗa ta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma tun yana ɗanyen ne kuma akuya ke cinye shi in ba a kewaye shi ba.

Ba yau muka fara wannan muhawara ba. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) sun sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka kafa a Tsibiri, nan kusa da mu. Masu magana da Ingilishi ne a ƙasar da Faransa ke mulki, kuma abin da ya fi damunsu shi ne mutum ya iya karanta Maganar Allah da Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma da shi kakanninmu da yawa suka koyi baƙi. 'Yan mishan ɗin sun gina asibitin Galmi a 1950, suka buɗe wurin jinyar kutare a Danja. Amma dattawanmu sun ga cewa wanda bai iya Faransanci ba, ƙofar aiki a rufe take gare shi, sai suka dage sai an ba 'ya'yansu cikakken karatun boko tare da na Littafi. Wannan dagewa ce ta haifar mana da malamai da ma'aikatan jinya da ma'aikatan gwamnati. 'Yan Katolika kuwa tun da wuri suka riƙe makaranta da hannu biyu, kuma tun 2001 Maraɗi take da bishop nata. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne iyayenmu ba su yarda a ba su rabi ba. Makarantar da ta iya waƙa da haddar aya amma yaranta ba su iya karatu ba, ta ci amanarsu.

Sai maganar gida, wadda ita ce babba.

Iyaye da yawa sun zo ofis ɗina da yaro a hannu, suka ce, "Madam, ga shi nan, ki gyara mana shi." Na kan ce musu ni awa shida ko bakwai nake da shi, sauran na gida ne da titi. A Maimaitawar Shari'a sura 6, umarnin koya wa 'ya'ya maganar Allah iyaye aka ba, aka ce a yi ta a zaune a gida, da kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Bulus kuma da yake yabon bangaskiyar Timoti, kakarsa da uwarsa ya ambata. Kin san abin da manoman ƙasar nan suka gano tun shekarun 1980, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aiki da mishan a nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sassabewa a gona kututturen itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa? Dashen da aka yi ta kawowa daga waje yawancinsa mutuwa yake yi. Amma da aka fara barin tohon kututture, a zaɓi masu ƙarfi a rage sauran, sai gonaki suka sake cika da kalgo da sabara da gawo. Aikin malami ke nan, irin wannan da manoma ke kira sassabin zamani. Muna iya zaɓe, mu rage, mu kare. Saiwar kuwa a gida ake yin ta, kuma na ga bambancin da idona: yaron da ake addu'a a gidansu, ko ya bauɗe yana saurayi, sau da yawa akwai abin da ke sake tohowa.

Ba wani abu mai wuya nake nufi ba. Bayan tuwon dare, kafin barci ya kwashe su, minti goma sha biyar ya isa. Waƙa ɗaya, 'yan ayoyi, sai kowa ya faɗi abin da yake so a roƙa masa, har ƙaramin. A yi da Hausa. Na nanata wannan don na ga yaran da suka haddace addu'ar Ubangiji da Faransanci tsaf amma ba su san abin da suke roƙo ba, haddar aku kawai. Harshen da yaro ke kuka da shi, da shi ya kamata ya fara yi wa Allah magana. Yanzu ma da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, babu sauran dalilin da zai sa ɗan mai bi ya gama CM2 bai iya karanta Littafinsa da harshen uwarsa ba. In makarantar ba ta koya masa, ke ki koya masa; wanda ya iya haɗa baƙin Faransanci, cikin 'yan makonni zai kama na Hausa.

Maigidan kuma ya zauna a wurin. Na san dare ne lokacin ɗinki, balle gab da Sallah, amma ɗa namiji da ya ga cewa addu'a aikin mata ne, ranar da ya fara jin kansa namiji zai ajiye ta. Kuma yara sun fi karanta hali da karanta takarda. In mai bin bashi ya yi sallama kika ce wa yarinya, "Je ki ce ba na nan," kin rushe darasin wata guda na makarantar Lahadi. In maigida ya ce wa mai kaya ɗinkinsa zai fito Alhamis, ya kuma fito Alhamis, ya yi wa'azin da fasto bai iya yi ba.

Zan faɗi wani abu da ya dame ni game da kaina. A shekaruna na farko na yi amfani da bulala sosai, ina ganin ita ce tarbiyya. Akwai yaron da na daka don ya kasa karanta layi ɗaya, daga baya aka gano kunnensa ne ba ya ji sosai. Na nemi gafararsa da ta iyayensa, amma abin bai bar raina ba. Afisawa 6:4 ta gargaɗi iyaye kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a aya ɗaya da ta ce a goye su cikin horon Ubangiji. Horo dole ne. Amma yaron da aka koya masa ƙaunar Allah da dorina a hannu, tsoro yake koya, kuma ranar da ya fi ƙarfin dorinar zai tafi.

Yanzu sharaɗin farko, wato ki sami ta ƙwarai. Allon da aka kafa a bakin ƙofa da suna mai daɗi daga Littafi ba shaida ba ne. Akwai masu buɗe makaranta don neman abinci kawai, su rataya mata sunan Allah. Gani ya kori ji: ki je da kanki ranar karatu, ba ranar bikin raba sakamako ba. Ki nemi ganin takardar izinin gwamnati. Ki roƙi a bar ki ki tsaya a bayan ajin CE1 ko CE2, wato aji na uku ko na huɗu, ki ji ko yaro na iya karanta abin da bai taɓa gani ba, ba wanda aka rera masa ba. Ki buɗe kaye, wato littafin rubutun yara, biyu ko uku ki ga ko jan biro ya bi ta kansu. Ki tambayi malamai, a gefe, ko ana biyansu a kan kari, don makarantar da ke danne haƙƙin ma'aikacinta ba ta da bakin koya wa yaro gaskiya, kuma malaminta na ƙwarai ba zai kai ƙarshen shekara ba. Ki tambaya ko suna maimaita wa yaro aji in bai iya ba, ko kuwa tura kowa suke yi gaba don kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa.

Ki kuma ɗaga kai ki dubi ginin. Babu uwar da ke garin nan da ta manta Nuwamba 2021, ranar da wuta ta kama azuzuwan zana ta ci yara ƙanana sama da 20, watanni kaɗan bayan irinta a Yamai. Ko ta gwamnati ce ko ta ikilisiya, ki ga da me aka yi ajin, ƙofa nawa gare shi, ina masu tuya suke hura wutarsu. Ki duba makewayi, ko na mata daban yake, ko akwai ruwa. Tunda kuma kin ce da nisa, ki san wanda zai kai ta ya ɗauko ta. 'Yar shekara 6 ba a ɗora ta a kabu-kabun da ba a sani ba.

Akwai haɗari ɗaya da ke tattare da makarantar addini kowace iri, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tana iya zama katanga. Yaro ya tashi bai san kowa ba sai 'yan majami'arsu, yana kallon maƙwabci da tsoro ko da raini. Bayan abin da ya faru a Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, na ji iyaye da yawa suna cewa su dai a raba 'ya'yansu da kowa. Na fahimci zafin. Amma ɗiyarki a Maraɗi za ta rayu. A babbar kasuwa za ta yi ciniki, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo wataƙila za ta yi karatu, kuma kakarta ta wajen uba da carbi a hannu za ta riƙa sa mata albarka. A makarantar da na shugabanta, yaran Musulmi sun fi namu yawa. Iyayensu alhazai da 'yan kasuwa sun kawo su don karatu da ladabi, mun kuma gaya musu tun ranar rajista abin da muke yi da safe, ba mu taɓa tilasta wa ɗan kowa ya faɗi abin da gidansu ba su yarda da shi ba. Ina ganin wannan cakuɗuwa tana cikin manyan albarkun makarantar. Ɗanmu yana koyon bayyana bangaskiyarsa ba tare da zagi ba, nasu kuma yana tashi ya san Kirista mutum ne mai suna da fuska, wanda suka raba ƙosai da shi. Ki tambayi shugaban makarantar yadda suke yi da wannan. In kika ji yana aibata maƙwabta a gaban yara, ki ɗauki jakarki.

Game da surukarki kuma, kada ki yi jayayya da ita. Ki ce mata, "Inna, ai a wurinku muka gani." Gaskiya ce kuwa. Wane Musulmin ƙwarai ne ya bar wa lakwal tarbiyyar ɗansa? Da asuba ko da yamma yaro yana makarantar allo ko Islamiyya, wasu kuma sun zaɓi Faranko-Arab, mai haɗa Faransanci da Larabci, dungurungum, suna biya da guminsu. Ta san wannan sarai, kuma za ta gane uwar da ke son ɗiyarta ta san Allah, ko da hanyarku ba ɗaya ba ce. Ki ci gaba da aika yaran su gaishe ta, su ci naman layyarta, ki kai mata shinkafar Kirsimeti. Girmama iyaye na cikin dokoki goma, ba a kuma ce sai iyayen da ke zuwa majami'a ba.

Na ji daɗi da babbar taki mace ce, kuma kina tunanin kashe kuɗi a kanta. A ƙasarmu kusan 'yan mata uku cikin huɗu ana aurar da su kafin su cika 18, jihar Maraɗi kuwa tana sahun gaba. Kada mu yaudari kanmu cewa wannan bai shafi gidajen masu bi ba. Talauci da tsoron abin kunya ba su tambayar addini. Cibiyar masu yoyon fitsari da ke Danja shaida ce ta abin da haihuwar wuri da doguwar naƙuda ke yi wa 'ya'yanmu. Makarantar da malamanta suka san gidan yarinya, waɗanda za su tako har ƙofa in ta yi kwana uku ba ta zo ba, tana cikin abubuwan da ke riƙe ta a aji har ta mallaki hankalinta. Abin da ba na so shi ne in na biyun ya isa shiga, in namiji ne, a cire ta a sa shi.

Saura kuɗi. Ki zauna da maigida ku yi lissafin shekara shida, ba ta bana kaɗai ba, ku haɗa da kayan makaranta da kuɗin hanya, ku tuna ƙannenta biyu na tafe. In lissafin ya nuna sai kun ci bashin da ba ku da hanyar biya, ko sai an rage tukunya, kada ku yi. Yaron da ake kora gida duk wata don ba a biya ba ya fi wahala da wanda ke zaune lafiya a lakwal ta gwamnati. In kuwa ƙarfinku na 'yan shekaru ne, ni a ganina ku zuba shi a farko, daga CI zuwa CE2, inda ake kama karatu da lissafi, inda kuma zuciya ta fi taushi. Wanda ya iya karatu da kyau a CE2 zai yi tafiyarsa a kowace makaranta. Kada kuma ki ji nauyin gaya wa dattawan ikilisiya halin da kuke ciki. Wasu makarantun suna rage wa mai 'ya'ya da yawa, wasu suna karɓa kashi-kashi, kuma na ga zumuntar mata ta yi adashi musamman don kuɗin makaranta, kwasar kowa ta faɗo a Satumba.

In kuma ta bayan gidan ce ta yiwu, ki sa ta da kwanciyar rai. Ki je ki gaida mushe ko madam, wato malamin ajin ko malamar, tun makon farko, ki shiga ƙungiyar iyaye mata ta makarantar, a san fuskarki. Ki riga 'yan ajinsu gaya mata cewa za a tambaye ta, ki koya mata amsa gajera mai ladabi: "Ni mai bin Yesu Almasihu ce, haka gidanmu yake." Kullum in ta dawo ki tambaye ta abin da aka ce da abin da ta ce. Makarantar Lahadi kada ta wuce ta, haka taron yara na lokacin hutu. Ki nemi wata uwa mai bi a unguwarku ku sa yaranku lakwal ɗaya, don biyu a aji sun fi ɗaya nesa ba kusa ba.

Tun kafin a tafi babban hutu, ku ware safiya ɗaya ke da maigida ku zaga makarantun biyu, ku shiga aji a kowace. In Inna za ta yarda, ku tafi da ita.